Saniyar da Na Haddace da Ingilishi

Shekarun baya can, lokacin babban farin da ya same mu a zamanin mulkin soja, na taɓa komawa ɗalibi da girmana, da mata da 'ya'ya. Ingilishi na je koyo. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya ɗauke ni mai son ilimi: yunwa ce ta kai ni.

A lokacin ina zaune a unguwar Bukoki ta birnin Yamai, cikin gidan haya mai ɗaki biyu da 'yar rumfa. Da can ni mai buga takardu ne a wani kamfanin gwamnati. Aka wayi gari aka ce za a rage ma'aikata, kuma a zamanin nan in an ce za a yi abu, ba a tambayar dalili. Ka ce na gode, ka ɗauki hularka, ka fito. Na fito. Ban gama sabawa da zaman gida ba sai mutanen garinmu suka fara sauka. Mu mutanen Adar ne, can yankin Tawa, kuma damina ta ƙi su gaba ɗaya a shekarar. Yau ƙanwar mahaifiyata da jikokinta, gobe wani da ban taɓa gani ba amma ya san sunan kakana. Duk wanda ya sauka Yamai gidan "ma'aikacinmu" yake tambaya, ba wanda ya gaya musu ma'aikacin nasu ya daina aiki. Maiɗakina takan ƙara wa miya ruwa har a riƙa hango gindin tukunya, ta raba tuwon jar dawa kwano-kwano. Ba ta taɓa ce mini uffan ba. Buhun hatsi kawai take kallo, sa'an nan ta kalle ni. Na gwammace ta yi maganar.

Abokina ne ya kawo labari. Shi Bazabarme ne daga Tondibiya, tare muka yi aiki, tare aka sallame mu. Ya zo da rana tsaka yana share gumi, ya fara ba ni labarin kogi ya janye har ana ƙetarewa da ƙafa wajen garinsu. Sai can ya sauke murya, don a lokacin ko labarin alheri da ƙaramar murya ake yinsa.

"Akwai wasu annasara masu rabon abinci da suka zo," in ji shi. "Ba su jin Faransanci, sai Ingilishi. Suna neman tafinta wanda ya san Hausar ƙauye, za su yi aiki can wajenku. Ba kai ne kake cika mana baki a biro wajen aiki da Ingilishinka na lakwal ba?"

Ni ne kuwa. Amma abin da ya rage mini na Ingilishin makarantar nan bai wuce gaisuwa da sunayen ranaku ba, sai wata jimla da ke cewa ƙofa a buɗe take. Duk da haka na ce masa zan gwada. Mutum ɗaya za su ɗauka, kuma gidana ya riga ya fara cin abinci sau ɗaya a wuni.

Aka nuna mini wani malami a Zongo, mutumin Gana, cikin waɗanda aka koro daga Najeriya. Ticha kowa ke kiransa. Bayan shagon wani mai ɗaukar hoto yake koyarwa, cikin ɗaki mai benci uku da fanka da ba ta taɓa juyawa ba a gabana. Mu kusan duka korarrun ma'aikata ne, kowa da gogaggiyar riga da cikin da ke kuka. Ticha ya ce ya bincika wajen waɗanda suka riga suka je gwajin. Ba rubutu ake yi ba.

"Baki ne, ba takarda ne ba," in ji shi da Hausarsa ta Kumasi. "Bature zai ce, ba ni labarin kyauta da ka daɗe kana so, wani ya ba ka. Shi ke nan. Kowa ya zaɓi kyauta nasa, ya yi magana har bature ya gaji."

Wani ya zaɓi agogon da aka kawo masa daga Makka. Wani ya zaɓi babur, alhali ni na san shi tun yana yaro, ko keke bai taɓa mallaka ba. Ni ban tsaya dogon tunani ba, don kyauta ɗaya ce tak a rayuwata da na yi shekaru ina mafarkinta.

Tun ina ƙarami nake son a ce ina da saniya tawa. Mahaifina manomi ne, ba shi da ko maraƙi. Kawuna, yayan mahaifiyata, shi ne mai shanu. In an ba mu hutun lakwal gidansa nake gudu, in bi garke da safe, in dawo da kaska a ƙafa da ƙaya a tafin hannu, ina murna. Yakan tsokane ni da "Mushe", yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, wai ɗan boko bai san gaban saniya da bayanta ba. Farin farko, wanda aka yi shekaru kafin wannan, ya ci masa dabbobi da yawa, ya sake tarawa da kyar. A cikin wannan ɗan abin da ya tara ne, shekarar da na gama karatu, ya kira ni gaban mutane, ya jawo wata jar karsana, ya tsaga mata kunne da wuƙarsa don shaida, ya sa mini igiyar a hannu. Ya ce, "Taka ta, Mushe." Na tsaya riƙe da igiya kamar wawa. 'Yar Ja muke kiranta. Da na taho Yamai na bar ta a garkensa amana, kamar yadda kowane ɗan birni ke yi. Ta yi ta haihuwa. Duk shekara sai ya aiko mini da man shanu cikin ɗan gora, ya ce na saniyata ne.

Ita na zaɓa. Ticha ya taya ni jera maganar: launinta, ƙahonta, yadda aka ba ni, yadda na ji, nonon da take bayarwa, 'ya'yanta. Ya ce kada in yi wa bango karatu, in nemi mutum mai rai in riƙa yi a gabansa.

Ana cikin haka sai ga Kawu da kansa. A bayan kamiyon, babbar motar ɗaukar albasa, ya iso, da tabarma da buta da jakar fata. Da na gan shi a ƙofar gida da kyar na gane shi. Mutumin da na sani da faɗin ƙirji, yanzu rigarsa ce ke tafiya da shi. Muka gaisa, muka sake gaisawa.

"Kawu, ina mutanen gida?"

"Lahiya lau, Mushe. Sai godiya."

"Bisashe fa?"

"Suna inda Allah ya aje su."

Ban ƙara tambaya ba. A wajenmu ba a tsare babba da tambaya, in ya ba ka amsa ka karɓa. Kuma gaskiya na gaji da jin labarin mutuwa. Kowa ya sauka da nasa, na ji har kunnena ya daina ɗauka. Na ce a raina, ai Kawu ya san daji, ya tsallake farin farko, wataƙila ya tura yara da garken wani wuri.

A kwanakin nan soja ba su son ganin 'yan gudun yunwa cikin gari. In aka ga mutum da rawani da sanda yana gararamba bakin gudro, wato titin kwalta, sai a ɗora shi a mota a fitar da shi. Don haka Kawu bai fita ko'ina, daga rumfa sai masallacin unguwa. Ni kuma na rasa mai saurarona. Maiɗakina ta ce ita da za ta ji da tukunya ba ta da kunnen Ingilishi. Yara kuwa da na buɗe baki sai su faɗi ƙasa don dariya. Kawu ne ya gyara zama a tabarmarsa ya ce, "Zo ka yi mini. Ni ba inda za ni."

Haka muka riƙa yi kullum bayan la'asar. In tsaya gabansa, hannu a baya kamar ɗan firamare, in yi ta zuba. Ko kalma ɗaya bai ji, amma yana gyaɗa kai, yana cewa "madalla" a inda bai kamata ba. Abu ɗaya yake kamawa, sunanta. Duk sanda na ce 'Yar Ja a tsakiyar Ingilishin, sai ya ɗan ɗago.

Ran nan ya tsayar da ni. "Mi kake hwaɗi bisa gare ta?"

Na fassara masa. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya girgiza kai.

"Ka bar abu da yawa. Ba ta shan ruwa in wata ta riga ta sa baki, sai an ɗebo mata sabo. Kuma ko cikin shanu ɗari ka yi mata hito, ita kaɗai ka ɗago kai. Sa wanga ciki. Annasara na son jin irin haka."

Ban san inda ya san abin da annasara ke so ba, amma na kai wa Ticha, muka sa. Daga nan kullum sai Kawu ya tuno wani abu. Maganata ta yi tsawo, ta yi daɗi, har Ticha ya fara sa ni in yi wa 'yan aji su ji yadda ake yi. Mai babur ya fara harara ta. Ni kuwa kaina ya soma girma, ina tafiya Zongo a ƙasa da yunwa a ciki, ina tatsar saniya da Ingilishi a kan hanya.

Ana gobe gwajin, mai unguwa ya aiko. An ce duk baƙin da suka gudo daga ƙauye su fito da safe, motocin gwamnati za su mayar da su yankinsu, inda aka tanadi wuraren noman rani. Ba shawara ba ce, umurni ne.

Bayan azahar Kawu ya ce in kira masa liman da maƙwabcina. Na zaci addu'ar tafiya yake so. Da suka zauna, ya jawo jakarsa ya kwance bakinta a hankali, ya fito da wani ƙulli na tsumma ya ajiye a tsakiyar tabarma.

Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in yi bayani. A wajenmu in ka ba makiyayi amanar dabba ta mutu a hannunsa, ba ya zuwa maka da baki kawai. Zai yanko wutsiyarta da kunnen da ke da shaidarka, ya kawo maka gaban shaidu, don ka san bai sayar ba, bai ci ba. Sai ka duba ka amsa, sa'an nan nauyin ya sauka daga wuyansa.

Ya buɗe tsumman. Wutsiya ce busasshiya, da kunne ɗaya da ya ƙanƙance.

"Na so in bari sai ka gama da annasaranka," in ji shi. "Allah bai nuhwa ba. Gobe za a tahi da mu, ban san ko za mu koma gamuwa ba, kuma ba ni tahiya da amanar mutum cikin jikkata. Diba kunnen. Tsagar da na yi da hannuna ran da na ba ka ita, ita ta ko ba ita ba?"

Na ɗauka na duba. "Ita ce, Kawu."

"To ku shaida. Nawa sunka riga ta, duka. Ɗiyanta ma sunka bi. Na kora su kudu, munka iske iyaka ruhe, anka maido mu. Na sassabe mata gawo har ya ƙare. Na kwance bunun ɗakina na ba ta. Da ta kasa tashi, kullum da sahe ni da yara mu sa mata itace ƙarƙashin ciki mu ɗaga ta, in ta tsaya sai ta wuni tsaye. Ran da munka ɗaga ta ƙahwahunta sunka ƙi, na sa mata wuƙa. Ban yi sakaci ba, Mushe."

Na san abin da ake faɗa, na faɗa. Na ce Allah ya mayar da alheri, na shaida bai ci amana ba, ba ni da komai a kansa duniya da lahira. Liman ya yi addu'a, muka shafa. Shi da maƙwabcina suka tashi suka fita.

Da muka rage mu biyu sai abin ya taso mini. Duk yammacin nan da nake tsaye ina lissafa masa nononta da 'ya'yanta, ina murmushi, wutsiyarta na cikin jakar da yake jingine da ita. Kunya ta kama ni, da baƙin ciki, da wata irin gajiya da ban taɓa ji ba.

"Kawu, don me ka bar ni ina ta zuba?"

"Karatun neman abincin yara kake. In na hwaɗa maka, wace saniya za ka kai ma annasara?" Ya shiga naɗe tsumman. Can ya ce, "Kuma daɗi nike ji. Gidan ga kaɗai ya rage da ake kiran sunanta."

Ba lokacin sake wata kyauta. Ko da akwai, ba ni da wata.

Da safe na raka su inda motoci suke. Soja na tsaye da bulala a hannu, ba su doki kowa ba, ba su kuma bar kowa ya tsaya dogon ban kwana ba. Na tura Kawu sama, na miƙa masa buta. Daga nan na kama hanyar unguwar Filato a ƙasa, inda ake gwajin, cikin wandona guda na kirki.

Gida ne babba mai bishiyoyi, an mayar da shi biro. Muka jeru a baranda. Da aka kira ni na tarar da Baturiya ɗaya mai farin gashi da wani saurayin Bature da rana ta ƙona wa wuya. Suka yi tambayar, ita ce dai wadda Ticha ya faɗa. Na miƙe, na sa hannu a baya, na fara. Launinta ya fito daidai. Ƙaho ya fito daidai. Ranar da aka sa mini igiya a hannu ma ta fito, har matar ta yi murmushi. Da na iso wajen da nake cewa tana can ƙauye wajen kawuna tana ba da nono, sai bakina ya tsaya. Na san kalmomin, suna nan a jere, amma suka ƙi fita. Na tsaya ina kallon na'urar sanyaya ɗaki.

Matar ta jira. Sa'an nan ta tambaye ni a hankali, ina saniyar take yanzu.

Na ce ta mutu. Ta ce yaya aka yi.

Nan haddata ta ƙare, don Ticha bai koya mini wutsiya ba, bai koya mini bunu ba, bai koya mini amana ba. Na fara haɗa abin da na samu, kalma nan, kalma can, Faransanci na faɗo mini ina ture shi. Na nuna rufin ɗaki, na nuna baki. Da na zo wajen ɗaga ta na rasa yadda zan yi, sai kawai na durƙusa a kan simintin mutane, na sa kafaɗa ƙarƙashin teburinsu ina nishi, ina nuna yadda ake cusa itace a ɗaga saniya. Ni, tsohon ma'aikacin gwamnati. Na kama kunnena na nuna tsaga. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san da na miƙe gwiwar wandona ta yi fari, kuma ba wanda ya yi dariya.

Na fito na tabbata na zubar. Na gaya wa maiɗakina kada ta sa rai. Ta ce, "To, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Bayan 'yan kwanaki suka aiko. Matar ta ce Ingilishina ba shi da kyau, ba ta ɓoye mini ba, akwai waɗanda suka fi ni nesa. Amma aikin na zama da makiyaya ne, za su gwada ni su gani. Ranar maiɗakina ta yi kuka, ta kuma sa mai a miya.

Tafiyarmu ta farko yankinmu muka nufa, ni da saurayin nan. Muka isa wani fili a bakin tafki, inda aka zube mutane aka ba su gwangwanin ban ruwa da irin kabeji. Mutanen da suka yi rayuwarsu bayan garke, ga su a duƙe suna lallashin ganye. Aka sa mana teburi a inuwa, magidanta suka yi layi. Kafin a ba mutum hatsi sai an tambaye shi daga ina ya zo, bakuna nawa yake ciyarwa, dabbobi nawa suka rage masa. Baturen ya tambaya, in juya da Hausa, a amsa, in mayar.

Tun daga nesa na hango rawanin Kawu cikin layin. Na yi ta fatan a ce an tashi shan ruwa kafin ya iso, ko wani ya karɓe ni. Ba wanda zai karɓe ni, ni kaɗai ne tafinta.

Ya iso ya tsaya, ya dogara da sandarsa. Bai nuna ya san ni ba, don kada ya ɓata mini aiki. Ya faɗi garinsa, ya faɗi iyalinsa. Baturen ya yi tambaya ta uku. Wanda ya san makiyayi ya san wannan ba maganar da ake sa shi ya faɗa da bakinsa a cikin mutane ba ce. Amma aikina ke nan. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, an ce shanu nawa suka rage maka?"

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan.

"Kai ka sani, Mushe. Hwaɗa mishi. Ai don haka ka yi karatu."

Na juya na faɗa. Kalma ce 'yar gajeriya, ko ɗan aji ɗaya ya san ta. Baturen ya gyaɗa kai, ya ce na gaba ya matso.

Na yi shekaru ina tafinta bayan nan. Da Ingilishin nan na ciyar da gidana, da shi na sa yara lakwal, har na kai ana yaba mini wai na iya. Kawu bai sake mallakar saniya ba. Na so in saya masa ko maraƙa ce da ruwa ya dawo, ya ce in bari, ƙafarsa ta riga ta mutu da bin daji. A lambun kabejin nan ya ƙare kwanakinsa, Allah ya jiƙansa.

Mutane kan ce mini harshe dukiya ne, kuma ban musa ba, na ci amfaninsa. Sai dai ni ban taɓa jin daɗinsa a bakina ba. Duk sanda na buɗe baki da shi, shekarar nan ce ke dawo mini, da layin nan, da mutumin da ya tsaya a gabana yana jira in faɗa wa baƙo cewa ba shi da komai. Yanzu jikata na jami'a, takan zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Kaka, yi mini Ingilishinku na da in ji." Nakan ce mata na gaji. Tana zaton wasa nake.